Makullin Da Ke Kwance A Cikin Laftof Ɗinka: Tarihin Kwamfuta Cikin Kwamfuta

Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin wannan makon ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba. Gaisuwa ga masu bibiyarmu daga Danzomo, Jeke, Dangwanki da cikin garin Sule Tankarkar, da na Gumel, Maigatari da Gagarawa, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka.

Yau tarihi za mu yi, tarihin wani ɗan saƙo da ke karya wa matasanmu gwiwa. Yaro ya yi adashe ya sayi laftof na hannu, ya shiga koyon tsaron intanet ko haɗa manhaja. Malami ya ce kowa ya sauke VirtualBox ya saka Linux a cikin Windows ɗinsa. Ya ƙona data ya sauke, ya danna maɓallin tayarwa, sai allo ya rubuta masa: "VT-x is disabled in the BIOS". Shi ke nan. Wani ya ce an cuce shi an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya. Wani ya kai wa mai gyara a yi masa fomatin, takardunsa da hotunansa su tafi, saƙon kuma ya dawo yadda yake. Wata kuma ta haƙura da karatun gaba ɗaya, ta ce abin na masu sabuwar kwamfuta ne.

To wallahi a mafi yawan lokuta laftof ɗin lafiyarsa ƙalau. Wata ƙofa ce a cikinsa aka rufe, makullin kuma yana hannunka. An ɗauki kusan shekara 40 kafin a kai ga gina wannan ƙofar. Idan ka ji yadda aka yi, ba za ka sake jin tsoron saƙon ba.

Kafin mu shiga, mu daidaita kalmomi. Windows da Linux kowace uwar manhaja ce, wato ita ke riƙe da ragamar kwamfuta baki ɗaya, ita ke raba wa sauran manhajoji aiki. Hanya biyu ce ake zama da uwar manhaja biyu a laftof ɗaya. Ta farko, ka raba ma'ajiyar gida biyu, in ka kunna ka zaɓi wadda za ka shiga. Wannan ba ta buƙatar makullin da muke magana. Ta biyu, ka buɗe Linux a cikin taga alhali Windows tana aiki, kamar yadda kake buɗe Chrome. Wannan ita ce kwamfuta cikin kwamfuta, ita ce maganarmu ta yau. Wadda ke ciki za mu kira ta baƙuwar kwamfuta.

Farko: lokacin da kwamfuta take kamar injin niƙa

Mu koma farkon shekarun 1960 a Amurka. Kwamfuta a lokacin cika ɗaki take yi, manyan cikinsu kuɗinsu miliyoyin daloli ne, sai gwamnati da jami'o'i da manyan kamfanoni. Yadda ake aiki da ita kuwa, ku tuna injin niƙa na unguwa: ka ajiye kwanonka a layi, ka tafi, ka dawo anjima. Haka mai bincike zai huda aikinsa a jikin katuna, ya miƙa wa masu kula da na'ura, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari. In ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya sake bin layi.

A jami'ar MIT, wani malami mai suna Fernando Corbató da tawagarsa suka nuna a 1961 cewa mutane da yawa za su iya amfani da kwamfuta ɗaya lokaci guda, tana ba kowa ɗan ƙanƙanin lokaci tana zagayawa da sauri har kowa ya ɗauka shi kaɗai take saurare. Daga nan MIT ta so gina tsari mafi girma. IBM ta fito da jerin kwamfutocinta na System/360 a watan Afrilu 1964, amma MIT ta ga ba su dace da wannan aikin ba, ta ba kamfanin General Electric cinikin. Abin ya yi wa IBM ciwo.

Daga wannan ciwon ne wata ƙaramar tawagar IBM a garin Kambirij na jihar Massachusetts, cikinsu da Robert Creasy da Les Comeau, suka ɗauko wata dabara ta daban. Suka ce maimakon a raba wa mutane lokaci kawai, a ba kowa kwamfutarsa sukutum, amma ta kwaikwayo. Suka rubuta wata manhaja mai suna CP-40, wadda ta fara aiki sosai a Janairun 1967. Na'ura ɗaya ce a ɗaki, amma tana iya ɗaukar baƙin kwamfutoci 14, kowace da uwar manhajarta, kowace tana ganin ita kaɗai ce a duniya. In ɗaya ta rikice ta mutu, sauran ba su ma san an yi ba.

Ku riƙe shekarar nan, 1967. A watan Mayunta ne Gowon ya ƙirƙiro jihar Kano, ƙasar Gumel tana cikinta. Wato abin da ake ce mana sabon ilimi ne ya girmi iyayen wasunmu. Bayan CP-40 aka yi CP-67, sannan a watan Agusta 1972 IBM ta fitar da shi kasuwa da sunan VM/370. Jikokin wannan tsarin har yau suna aiki a manyan bankunan duniya.

Abin da nake so ku lura da shi: rashi ne ya haifi wannan fasahar. Na'ura ɗaya, mabuƙata da yawa, kuɗin ƙaro wata babu. Wa wannan labarin ya fi kama da shi in ba mu ba?

Dokar fatoma

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san fatoma. Fatake su zo daga nesa da dabbobinsu, ya sauke su a gidansa, ya ba kowa ɗaki, ya tsare musu dukiya, ya hana wani shiga haƙƙin wani. Baƙo yana sakewa kamar gidansa, amma makullin babbar ƙofa da na rumbu suna wurin fatoma.

To manhajar da ke riƙe da baƙin kwamfutoci, irin su VirtualBox da VMware, fatoma ce. Matsalar ita ce baƙon nata ba ƙaramin mutum ba ne. Uwar manhaja ta saba ita ce mai gida, ta saba ba da umarni a rufe ƙofa, a buɗe rumbu, a kori wane. Yaya za ka sauki mai gida a gidan wani ba tare da ya gane ba, kuma ba tare da ya ƙwace gidan ba?

A watan Yuli 1974, wasu masana biyu, Gerald Popek da Robert Goldberg, suka rubuta amsar. Suka ce fatoma na gaskiya sai ya cika sharaɗi uku: baƙo ya yi aikinsa daidai yadda zai yi a gidansa, ragamar gida ta zauna a hannun fatoma, kuma yawancin aikin baƙo ya tafi kai tsaye ba tare da an tsaya ana tace shi ba, don kada a yi nawa. Suka kuma kafa hujja cewa hakan na yiwuwa cikin sauƙi in har duk wani umarni mai haɗari yana da ƙararrawa. Baƙo ya taɓa ƙofar rumbu, ƙararrawa ta buga, fatoma ya zo ya ɗebo masa abin da yake so daga kason da aka ware masa, baƙo ya ci gaba da harkarsa yana ganin shi ya buɗe. Kwamfutocin IBM na wancan zamanin haka aka gina su.

Ƙofofi 17 marasa ƙararrawa

Sai duniya ta juya. Intel ta fito da furosesa mai lamba 8086 a 1978, IBM ta fito da ƙaramar kwamfutar tebur a Agustan 1981, aka shiga zamanin kowa da tasa. Wa zai damu da raba na'ura ɗaya tunda ga ta da araha? Masu ƙera furosesar waɗannan ƙananan kwamfutoci, dangin da ake kira x86, ba su sa maganar saukar baƙi a lissafinsu ba. Laftof ɗin da ke gabanka, in Intel ne ko AMD, daga wannan dangin ya fito.

A shekarar 2000 wasu masu bincike biyu, John Robin da Cynthia Irvine, suka zauna suka ƙirga, suka samu umarni 17 a furosesar Pentium da ke taɓa abubuwa masu haɗari ba tare da ƙararrawa ta buga ba. Misali ɗaya, akwai umarnin da ake kira POPF. Da shi uwar manhaja kan iya cewa: a rufe ƙofa, kada kowa ya katse ni, ina tsakiyar aiki. In mai gida na gaskiya ya faɗa, sai a rufe. In baƙo ya faɗa, furosesa sai ta yi kunnen uwar shegu, ba ta rufe ba, ba ta kuma sanar da fatoma ba. Baƙo yana can yana ganin ƙofa a rufe take. Kun ga daga nan sai ɓarna. Shi ya sa shekara da shekaru masana suka ɗauka ba za a iya yin fatoma mai sauri a kan wannan dangin ba.

Linux da Jigawa sa'anni ne

A nan bari in ba ku wani abin sha'awa. Ranar 25 ga Agusta 1991, wani ɗalibi a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya sanar a intanet cewa yana rubuta uwar manhaja ta kyauta, don nishaɗi kawai. Ita ce ta zama Linux. Kwana biyu bayan nan, ranar 27 ga Agusta 1991, Babangida ya ƙirƙiro jihar Jigawa. Linux ta girmi jiharmu da kwana biyu rak. Zuwan Linux ya sa mutane da yawa suka fara son zama da uwar manhaja biyu: Windows don aikin ofis, Linux don koyo da bincike.

A gefe guda kuma kamfanoni suka farga sun cika ɗakuna da ƙananan kwamfutoci, kowace aiki ɗaya take yi, mafi yawan ƙarfinta a zaune, ga kuɗin wuta ga kuɗin sanyaya ɗaki. Tsohuwar dabarar 1967 ta sake yin daraja.

A jami'ar Stanford, Mendel Rosenblum da ɗalibansa suka farfaɗo da ita a wani bincike na 1997. A 1998 shi da matarsa Diane Greene da wasu mutum uku suka kafa kamfanin VMware, kuma Diane ce ta shugabance shi. 'Yan'uwa mata, ku ji wannan da kyau. Maganinsu ga ƙofofin nan 17 shi ne su sa wa baƙo ɗan rakiya: kafin umarnin uwar manhajar baƙo ya isa furosesa, sai a karanta shi, in akwai mai haɗari a musanya shi da wani mara haɗari, nan take ana cikin tafiya. Aiki ne mai wuyar gaske, amma ya yi. A watan Mayu 1999 suka fitar da VMware Workstation, mutum ya ga Windows da Linux suna aiki tare a allo ɗaya.

A wannan watan dai, ranar 29 ga Mayu 1999, aka rantsar da Ibrahim Saminu Turaki gwamnan Jigawa. Ko me mutum zai ce game da siyasar wancan lokaci, tarihi ya rubuta cewa a zamaninsa jihar ta sa kuɗi a harkar kwamfuta tun wayar salula ba ta gama shiga ƙauyuka ba. A farkon shekarun 2000 aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar wata cibiya ta ƙasar Singafo, aka kuma kafa kamfanin Galaxy na jiha don harkar intanet. Yayyenmu da yawa a can suka fara taɓa kwamfuta. Don haka in wani ya ce maka wannan harka ba ta ɗan Jigawa ba ce, bai san tarihin jiharsa ba.

A 2003 wata tawaga a jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin Ian Pratt, ta fito da wata hanyar mai suna Xen. Su cewa suka yi: me ya sa za mu yi ta yaudarar baƙo? A gaya masa gaskiya shi baƙo ne, a gyara masa hali, in yana son rumbu ya yi sallama ya tambaya. Wannan ya yi sauri sosai, amma sai da uwar manhajar da za a iya buɗe cikinta a gyara, irin Linux. Windows kuwa a rufe take, mai ita kaɗai ke taɓa ta.

An gina ƙofar a jikin ƙarfe

Da masu ƙera furosesa suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka gyara abin daga tushe. A watan Nuwamba 2005 Intel ta fitar da furosesa biyu na Pentium 4 ɗauke da abin da ta kira VT-x. A watan Mayu 2006 AMD ta fito da nata, AMD-V. Abin da suka yi shi ne sun ƙara wa furosesa wani sabon matsayi na fatoma, sama da na mai gida. Yanzu baƙo zai iya zama a kujerar mai gida ya yi ta ba da umarni, amma da ya taɓa abu mai haɗari furosesa da kanta za ta tsayar da shi ta miƙa ragama ga fatoma. Ƙararrawar da Popek da Goldberg suka nema a 1974 ta samu bayan shekara 31.

Na farkon ba su yi saurin da aka zata ba. Injiniyoyin VMware ma sun nuna a 2006 cewa a wasu ayyukan tsohuwar dabararsu ta fi sauri. Sai da AMD a 2007 da Intel a 2008 suka ƙara wani gyaran da ya sa furosesa ke lissafin rabon ram tsakanin baƙi da kanta, sannan abin ya zauna daram.

Daga nan komai ya bi. A Agustan 2006 Amazon ta fara ba da hayar baƙin kwamfutoci ta intanet, a kan Xen. Wannan shi ne abin da yau ake kira gajimare: kana Gumel ka yi hayar kwamfutar da ke wata nahiya, alhali ɗaki ɗaya ne a gidan wani babban fatoma. A Janairun 2007 wani kamfanin Jamus mai suna innotek ya saki VirtualBox kyauta, daga baya Sun ta saye shi a 2008, Oracle kuma ta saye Sun a 2010. A Fabrairun 2007 aka saka fatoma mai suna KVM a cikin Linux kanta.

To me ya sa ake rufe ƙofar?

Tambayar da kowa ke yi kenan. Tunda abin yana jikin furosesa, me ya sa laftof da yawa ke zuwa da shi a kashe?

Dalili ɗaya da ake yawan ambata shi ne tsaro. A Agustan 2006, a taron masana tsaro na Black Hat a Las Vegas, wata mai bincike 'yar ƙasar Polan, Joanna Rutkowska, ta nuna wata manhaja da ta kira Blue Pill. Ta nuna cewa muguwar manhaja za ta iya amfani da wannan sabon matsayin ta naɗa kanta fatoma, ta mai da Windows ɗinka baƙuwa a cikin gidanta ba tare da ta sani ba. Masana sun yi ta gardama kan ko za a iya gano irin wannan ko ba za a iya ba, amma tsoron ya shiga. Ga kuma lissafin 'yan kasuwa: mafi yawan masu saye ba za su taɓa buƙatarsa ba, to a bar shi a kashe, mai so ya kunna. Wasu ma sun wuce nan. A 2009 masu laftof ɗin Sony Vaio sun yi ta ƙorafi saboda an kashe abin kuma ba a bar musu wurin kunnawa ba, sai daga baya kamfanin ya sassauta a wasu samfura.

Yau lissafin ya juya. Windows 11 da kanta tana amfani da wannan fasahar wajen kare kanta, shi ya sa sababbin laftof galibi a kunne suke zuwa. Amma mu wane iri muke saye? Na hannu, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka biyo ta Legas zuwa shagunan Beirut Road da Farm Centre a Kano, sannan suka iso mu. An ƙera su ne a zamanin da ake rufe ƙofar, ko kuma ofishin da ya yi amfani da su ya rufe ta.

A da in ƙofar tana rufe VirtualBox kan lallaɓa da tsohuwar dabara. Daga fitowa ta 6.1 a Disambar 2019 aka cire wannan, dole sai makullin yana kunne. Haka tsarin WSL 2 da Microsoft ta kawo a 2020 don gudanar da Linux a cikin Windows, haka wayar kwaikwayo ta masu haɗa manhajar Android in ana so ta yi sauri. Shi ya sa saƙon ya yawaita a 'yan shekarun nan, daidai lokacin da shirye-shirye irin su 3MTT, da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2023, suka jawo dubban matasa cikin harkar.

Yadda ake buɗewa

Tarihi ba tare da aiki ba hira ce, to ga aikin.

Da farko duba ko a kunne yake. A Windows danna Ctrl da Shift da Esc tare, shiga Performance, zaɓi CPU. A ƙasa za ka ga Virtualization. In an rubuta Enabled, a kunne yake. In Disabled ne, sai a je BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tashi kafin Windows.

Kashe laftof ɗin gaba ɗaya, kunna, ka yi ta danna maɓallin shiga tun kafin tambarin Windows ya fito. A HP yawanci Esc ne sannan F10. A Dell da Acer da Asus F2. A Lenovo ThinkPad F1, sauran Lenovo galibi F2. In yana saurin wucewa, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings.

A ciki nemi Virtualization Technology ko VT-x in Intel ne, ko SVM Mode in AMD ne. Yakan ɓuya a ƙarƙashin Advanced, Security ko System Configuration. Mai da shi Enabled, ka adana, ka fita. A yawancin na'urori F10 ne ke adanawa. Wannan kaɗai za ka taɓa. Abin da ba ka sani ba a wurin, bar shi yadda ka same shi. Kunna wannan ba ya goge komai, kuma ba ya buƙatar fomatin.

Sai gargaɗi. In ma'ajiyarka tana kulle da BitLocker, nemo lambar buɗewarta ka rubuta a takarda kafin ka shiga BIOS, don wani lokaci yakan tambaya bayan an canza saiti. In wani ya ce sai an sabunta BIOS ɗin kansa, wannan wani aiki ne daban mai haɗari, kada a fara shi da batir mai rauni a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. In ka kunna amma VirtualBox yana nawa, ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan taga, alama ce fatoman Windows mai suna Hyper-V ya riga ya hau kujerar, VirtualBox a ƙarƙashinsa yake aiki. Ko ka haƙura da nawar, ko ka koma WSL 2, ko ka kashe Hyper-V da sanin cewa ka rage wani ɓangare na tsaron Windows.

Maganar ram kuma: kada ka ba baƙo fiye da rabin abin da kake da shi. Mai giga 8 zai sake. Mai giga 4 ya nemi Linux mara nauyi irin Lubuntu, ya rufe sauran tagogi.

Ga mai shirin saye, wannan ita ce shawarar da ta fi kowace tsada a shirin yau: kafin ka biya, ka sa a buɗe maka BIOS a gabanka. Wasu laftof na ofisoshi suna zuwa da kalmar sirri a kan BIOS wadda mai shagon kansa bai sani ba. In an tambayi kalmar sirri kuma babu mai ita, ajiye ka ɗauki wani. Kusan duk furosesar Core i3, i5 da i7 tana da VT-x, amma me amfanin ƙofa in wani a wata ƙasa ya tafi da makullin?

Abin da ya rage mana

Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Tsohon laftof mai giga 8 ya fi na'urar da ta ɗauki mutum 14 a 1967 ƙarfi nesa ba kusa ba. Da shi za ka iya tayar da baƙin kwamfutoci biyu, ɗaya ta kai hari ɗaya ta kare, ka koyi tsaron intanet a cikin ɗakinka ba tare da ka taɓa na'urar kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don dokar laifukan intanet ta 2015 tana hukunta shiga kwamfutar wani ba izini, ko da ka ce gwaji kake. Za ka iya ɗaukar hoton halin da baƙuwar take ciki, ka lalata ta da gangan, ka dawo da ita cikin minti ɗaya. In laftof ɗaya ne a gidanku, ƙanwarka za ta iya samun tata kwamfutar a cikinsa ba tare da ta taɓa takardunka ba. Kuma tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali da yawa daga na'urorinmu ba su cika sharuɗan Windows 11 ba, baƙuwar kwamfuta ita ce wuri mafi aminci da za ka saba da Linux kafin ranar da za ka buƙace ta.

Ina da kira guda uku. Ga cibiyoyin koyar da kwamfuta a masarautar Gumel da makarantunmu na gaba da sakandare: ku sa darasin BIOS a makon farko, kafin a ce kowa ya sauke komai. Minti 20 ya isa. Ga 'yan'uwanmu masu gyara: in yaro ya zo da wannan saƙon, ku nuna masa, kada ku yi masa fomatin. Wanda ka nuna wa gaskiya yau shi zai kawo maka babban aiki gobe. Ga hukumomi kuma, Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne, ɗan jiharmu. Muna fata duk shirin horarwa da za a kawo ƙananan hukumomi irin tamu a tsara shi da sanin irin na'urorin da ke hannun yaranmu, a fara daga kunna su.

Ku kuma masu karatu, aikin gida: yau ɗin nan ka buɗe laftof ɗinka ka duba. Ka rubuto mana samfurinsa da abin da ka gani, Enabled ko Disabled, da maɓallin da ya shigar da kai BIOS. Za mu tattara mu yi jeri ɗaya da zai amfani na baya. Wanda ya iya kuma ya nemi mutum ɗaya a unguwarsu ya nuna masa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki tarihin Linux kanta, daga ɗakin ɗalibi a Helsinki har zuwa wayar Android da ke hannunka. Allah ya sa mu amfana da abin da muka ji. Mu kwana lafiya.